Gishiri a Lambatun Gwaggo Aaltje

Akwai wani saurayi mai suna Gerbrand, ɗan ƙauyenmu na bakin teku a ƙasar Holan, shekaru ɗari uku da ɗoriya da suka wuce. Ya tafi karatu Leiden, ya dawo da baƙar hula da wata ƙa'ida guda: kada ka yarda da komai sai hankali ya tabbatar maka.

Ido maƙaryaci ne, in ji shi, tunda sanda a ruwa sai ka gan ta a karye. Harshe ma haka, mai zazzaɓi zuma ɗaci take masa. Lissafi kaɗai ba ya ƙarya.

Ilimi kam yana da shi, ban hana masa ba. Shi ya sa dattawa suka damƙa masa kula da ganuwar ƙasa da ke tare mana teku. In ta fashe, ruwa har saman rufin gidaje. Ya auna tsayinta da faɗinta, ya cika takardu, ya ce za ta shekara hamsin ko gezau.

Ƙanwar mahaifinsa, Gwaggo Aaltje, tana kiwon shanu a gindin ganuwar. Kullum da safe sai ta tsoma yatsa a lambatu ta ɗanɗana, kamar yadda uwarta take yi. Ran nan ta shigo masa da takalmanta na katako duk taɓo.

"Ɗan nan, ruwan lambatu ya yi gishiri. Teku na biyowa ta ƙasa."

Ya yi murmushi. "Gwaggo, kifin gishiri kika ci da safe, ko? Harshe ba shaida ba ne."

"To shanun fa? Su ma kifin suka ci suka ƙi shan ruwan?"

"Dabba ba ta da hankali. Je ki yi cukunki, ki bar mana aikinmu."

Abin ya yi mata ciwo, ita da ta goya shi. Ta tafi. Kwana biyu ta dawo, ta tsaya masa a ka.

"Malam mai shakka, tambaya ɗaya. Ka yi shakkar harshena, ka yi shakkar idonka. A lissafin nan naka, me ka ce yana cikin ganuwar?"

"Yumɓu mana."

"Ka tona ka gani?"

"Kowa ya san yumɓu ne."

"Au! Kowa? Ashe ka dawo sahunmu."

Gerbrand ya dubi takardunsa. Duk takardun nan a kan kalma ɗaya suke tsaye, ita kuwa ji ya yi tun yana ƙarami, bai taɓa bincikarta ba. Kunya ta rufe shi.

Ya sungumi sandar ƙarfe ya nufi ganuwar. Ya soka, ta shige kamar cikin man shanu. Ya zaro ta da jiƙaƙƙen yashi. Saura kwana ɗaya teku ya yi toroƙon da yakan yi duk sabon wata.

Da kansa ya ja ƙararrawar coci. Maza da mata suka fito da amalanke, ana jido yumɓu da ciyawa. A nan karatunsa ya yi rana, don shi ya gane inda ruwa zai fi danna ganuwar, ya tattara mutane can.

Teku ya zo ya daki ganuwa ya koma. Ƙauye ya tsira. Amma kwana biyun da ya ɓata sun isa: ruwan gishiri ya riga ya malale makiyayar Gwaggo Aaltje, shekara bakwai ciyawa ba ta sake fitowa ba.

Ba ta taɓa yi masa gori ba, wannan ya fi komai cinsa. Tun daga ranar, kowace safiya sai a ga malamin Leiden durƙushe a bakin lambatu da yatsa a baki. Gwaggo takan leƙo ta taga ta ce, "Yaya, harshen ya yi ƙarya yau?"

"A'a Gwaggo," in ji shi. "Amma gobe zan sake tambayarsa."

Darasi: Shakka abu ne mai kyau, amma ka fara ta daga kanka. Abin da ka fi tabbata da shi, shi ya fi cancantar ka tona ka duba. Ku tura wa wanda kuka san bai taɓa cewa "wataƙila ni ne na yi kuskure" ba.