Butar da Iya Dela Ta Goge da Toka

Akwai wata mata a unguwar Hajj Yusuf da ke Khartoum mai suna Amna. Ba muguwa ba ce, kada ku yi saurin zaginta. Son kayan kicin ne kawai ya yi mata yawa.

Yayanta Muhannad ya aiko mata da butar shayi daga Jidda. Kai, buta ce ta gani ta faɗa! Shuɗiya mai fararen furanni, mariƙinta na katako, gindinta mai faɗi, don murhun gas aka yi ta. Kafin ka ɗauraye kofi biyu ruwa ya tafasa. Amna ko 'ya'yanta ba ta bari su taɓa.

Katanga ɗaya ce tsakaninta da Iya Dela, wata tsohuwa da ta baro ƙauyensu can wajen Damazin tare da ɗanta Salih, mai leburanci a Omdurman. Iya ce ta yi wa Amna wankan jego a haihuwarta ta fari, don mahaifiyar Amna ta rasu. "'Yata" take kiranta.

Ana saura mako biyu a fara azumi, gini ya rufto wa Salih a wurin aiki. Ko shurawa bai yi ba. Shi kaɗai Iya ta haifa.

To, kun san al'adar unguwa. In aka yi rasuwa, kowane gida zai aiko da tire da kofuna da butoci, don kwana uku za a yi ana shayi ba ƙaƙƙautawa. Kowace mace takan ɗiga jan farce a gindin kayanta don kada su cakuɗe. Amna ta yi jim, sannan ta ɗauko shuɗiyar butar ta aika. Mu faɗi gaskiya, ba don Allah kaɗai ba. Tana so matan unguwa su gani su yaba.

Abu ɗaya ta manta ta faɗa: wannan buta ba ta hawa gawayi.

Washegari da ta shiga gidan makokin, sai ga butarta a kan kanun, wato murhun gawayi, ta yi baƙi ƙirin, mariƙin ya ƙone rabi. Nan take idonta ya rufe.

"Wa ya ɗora min wannan a kan gawayi?" ta faɗa da ƙarfi. "Ku ba ku san kayan daraja ba? Komai sai kun yi masa irin na ƙauye!"

Iya Dela na zaune kan tabarma, idanunta sun kumbura don kuka. Ta ɗago kai a hankali.

"Ni ce, 'yata. Abokan aikinsa ne suka zo da yawa, butocin duk suna wuta. Ma'alesh, yi haƙuri. Bar ta, zan gyara miki."

Amna ta juya ta fice. Wallahi tun ba ta kai ƙofar gidanta ba ta san ta tafka ta'asa. Uwar da ta binne ɗanta jiya, ita ta tsare a gaban mutane saboda buta! Ta so ta koma ta durƙusa, amma kunya ta riƙe mata ƙafa. Ta ce sai mutane sun ragu. Da suka ragu ta ce gobe.

Safiya ta huɗu, maƙwabciyarsu Awadiyya ta yi sallama da ƙunshi a hannu. Amna ta kwance. Butar ce.

Iya ta goge ta da toka da yashi, yadda ake goge tukunyar dalma. Baƙin ya fita tas, amma furannin ma sun bi shi, jikin duk ya kakkarce. Mariƙin kuwa ta naɗe shi tsaf da ƙyallen da ta yage daga mayafinta.

"Jiya tun azahar take kai har magariba," in ji Awadiyya. "Mun hana ta, ta ƙi. Yatsunta har jini. Ta ce ba za ta tafi 'yarta na riƙe da ita a zuci ba."

"Ta tafi? Ina?"

"Danginta sun ɗauke ta. Motar asuba suka bi."

Amna ta zari mayafi, ta tare raksha, wato keke mai ƙafa uku, sai tasha. Mota ta daɗe da tashi. Waya kuwa ta Salih ce kaɗai a gidan, ita ma ta farfashe ranar da ya rasu.

Ta dawo tana kuka wiwi, ta rantse da an yi Sallah za ta je har Damazin ta nemi gafara. Azumi bai ƙare ba yaƙi ya ɓarke a Khartoum, kowa ya kama gabansa.

Yau Amna na gudun hijira a Gadarif. Duk wanda ta ji an ce daga wajen Damazin ya fito, sai ta tare shi: "Don Allah, ka san wata tsohuwa Dela, uwar Salih?"

Har yanzu ba ta samu wanda ya ce e ba.

Darasi: Kaya in ya lalace ana samun wani, amma wanda ka ɓata wa rai ba lallai ka sake ganinsa ba. In ka san ka yi laifi, ka tashi yanzu ka je, kada ka ce gobe. Ku tura wa 'yan'uwa, wataƙila akwai mai bukatar ya tashi.