Allurar da Ke Jiran Su a Kan Tudu

Akwai wani saurayi, auta a gidansu, da ya yi shekara takwas a ƙetare yana lodin kaya a tashar jiragen ruwa. Da ya dawo, sai gida ya yi masa kaɗan. Ya zauna ya miƙe, ya leƙa waje ya dawo, har mahaifiyarsa ta tambaye shi ko ƙaya aka shuka a kujerun falon ba ta sani ba.

Abu ɗaya ne zai zaunar da shi, aikin kashe gobara da ya nema. Gwajin farko ya faɗi. A gudu da hawan tsani babu wanda ya kamo ƙafarsa, amma da aka zo haɗa bakin tiyo da famfo, hannunsa ya hau rawa, ƙarfen ya ƙi zama, ya yi jifa da shi har da ashar. Aka ba shi dama ta biyu bayan mako shida, kuma ita ce ta ƙarshe, don shekarunsa sun kusa haura ƙa'ida. Ya riga ya gaya wa tsohuwar cewa in ya sake faɗuwa, komawa zai yi.

Kullum da sassafe wasu magidanta kusan goma sukan wuce ta bayan tagarsa da gudu. Gudun bai burge shi ba, har da masu tumbi a cikinsu. Abin da ya ɗaure masa kai shi ne, in sun haye tudun da ke bayan tankin ruwa sai su yi cirko-cirko, kowa ya sunkuyar da kai yana kallon hannunsa, su ɗauki lokaci a haka. Addu'a suke yi? Waya suke dubawa? Kwana huɗu yana leƙe, a na biyar ya ɗaura takalmi ya bi su.

Ya riga kowa isa saman tudun da tazara mai yawa. Can sai ga jagoransu, wani tela mai furfura, ya iso yana haki, ya ciro gwangwanin alewa daga aljihu ya buɗe. Allurai ne a ciki da ƙulli-ƙullin zare. Kowa ya ɗauki tasa.

"Baƙo, ga taka," in ji Tela. "A nan ba a sauka sai an zura."

Auta ya yi dariya ya karɓa. Ya lashi bakin zaren, ya auna, ya kuskure. Ya sake, ya kuskure. Zuciyarsa na dukan uku-uku, gumi na shiga masa ido, kafar allurar na rawa kamar tana yi masa gwalo. Wani direban tasi, wanda shi ne ya iso a ƙarshe, ya zura tasa a karo ɗaya, ya matso yana kallon Auta.

"Ƙafar barewa, hannun mai zazzaɓi. Tela, a ba shi allurar ɗinkin buhu mana, kar rana ta same mu a nan."

Aka fashe da dariya. Auta ya ji kamar ya cilla allurar cikin ciyawa, amma son sanin dalili ya fi ƙarfin fushinsa. A hanyar sauka ya jera da Tela ya tambaye shi wa ya ƙirƙiro wannan wasan.

Tela ya ba shi labari a hankali, suna tafe. Shekarun baya wuta ta kama shagon maƙwabcinsa. Aka kira shi, ya sheƙo a guje, ya iso tun kafin ta taɓa nasa rufin. Makulli na hannunsa, kwaɗo na gabansa, amma hannun ya ƙi tsayawa. Sau uku makullin yana faɗuwa ƙasa. Kafin a ɓalle ƙofar, kekunan ɗinkinsa biyu da ɗinkunan mutane sun tafi.

"Na isa a kan lokaci, ɗana. Hannuna ne bai iso ba."

Auta ya yi ta duban nasa hannun har suka kai kwalta.

Tun daga ranar bai ƙara fashi ba. Tela ya nuna masa yadda suke yi: in ka iso, kar ka taɓa zaren tukuna. Ka dafe gwiwar hannu a haƙarƙari, ka fitar da numfashi a hankali sau uku, fitarwar ta fi shaƙar tsawo, sannan ka kai zare. Auta ya ce ai wannan ɓata lokaci ne. Direba ya ce to ya lissafa nawa yake ɓatawa wurin kuskure da zagin allura.

Mako na farko sai da aka jira shi kullum. A na uku ya fara zurawa a karo na biyu. Akwai ranar da ya zura tashin farko, ya ɗaga allurar yana nuna wa kowa, zaren ya zare ya faɗi, Tela ya ce a sake.

Ranar gwaji ya hau tsani ya sauko, ya ja tiyo a guje zuwa famfo. Ya kafa bakin ƙarfen, ya karkace. Nan take ya ji rawar nan ta taso masa tun daga kafaɗa. Jami'in gwajin na tsaye da agogo, sauran masu gwaji suna ta ce masa ya yi sauri.

Sai ya saki tiyon a kan cinyarsa ya tsaya cik. Wani a baya ya ce shi ke nan, ya sallama. Auta ya fitar da numfashi, ɗaya, biyu, uku. Ya daidaita bakin, ya murɗa, ƙarfen ya zauna daram, ruwa ya taho. Jami'in ya danna agogo, saura daƙiƙa huɗu.

"Me ka tsaya yi a wurin?" ya tambaye shi yana rubutu. "Mun ɗauka ka haƙura."

"Ranka ya daɗe, nutsuwa nake yi."

Jami'in ya ɗago ya dube shi, ya ce ya zo ranar Litinin a gwada masa kaki.

Da ya koma gida ya samu mahaifiyarsa tana shanya. Ya faɗa mata. Ba ta tambaye shi na nawa ya zo ba. Ta matse rigar da ke hannunta, ta daɗe tana gyara ta a kan igiya, ta ba shi baya.

"To, Auta, sai a kira kafinta ya gyara ƙofar ɗakin nan naka, tunda mai ɗakin ya zauna."

Darasi: Sauri yana kai ka wurin, amma nutsuwa ce take yin aikin. Kuma ba ranar tashin hankali ake koyon ta ba, kullum ake horar da ita kamar yadda ake horar da ƙafa. In ka san wani mai zafin nama da garaje ke yi wa asara, tura masa wannan ya karanta.