Sawun da Ke Ƙarƙashin Sawun Kare

Ranar Talata ce, ƙarshen kaka. Zafi, ba iska.

Akwai wani manomi, Jibo, a wani ƙauye kusa da Gangara, zamanin da Nasara ba su daɗe da zama Damargu ba. Yana da garka a bayan gida, kankana da kuɓewa. Gani yake ba wanda ya kai shi sanin sawu.

Da safen nan ya tarar an fasa masa kankana uku, an cinye cikinsu. A rairayin da ya shayar jiya ga sawu birjik.

Nan take ya aika a kira Ila, Bafillacen da ya yi zango bayan shingensa. Ila yana da wani jan kare mai tsinin baki.

"Ila, karenka ya koma cin kankana? Nonon ya ƙare ne?"

Ila bai yi dariya ba. Ya tsuguna, ya daɗe yana duba ƙasa.

"Malam Jibo, sawu biyu ne a nan. Wannan ƙaramin na karena ne, ban musa ba. Amma dubi na ƙarƙashinsa. Ƙafar gaba ta fi ta baya girma, kare ba ya haka. Ga kashinta can, fari fat. Kura ce. Ƙishi ya kawo ta. Sawun kare yana bisa nata, bayanta ya biyo. Korar ta yake."

Jibo ya yi tsaki. "Mai bin shanu zai koya mini sawu a garkata?"

"Ni dai na faɗa. Kada a bar 'yarka ta kwana waje."

Jibo ya kai ƙara wurin Maigari. Kafin la'asar aka ce Ila ya tashi. Ya kaɗa shanunsa ya yi arewa, karen na biye.

Laraba da safe, kankana biyar a fashe. Sawu iri ɗaya ne kawai. Jibo ya share shi da ƙafa, ya ce karen ne ya dawo.

Alhamis, sawun bai tsaya kan kankana ba. Ya ratsa kuɓewa, ya bi ta ƙarƙashin shinge, ya tsaya gindin rumbu. Jaki ya ƙi cin harawa. Kaji ba su sauko daga bisa darni ba har hantsi.

Matarsa Ladi ta ce, "Maigida, karen da ya yi kwana biyu da tafiya, shi ke wari haka?"

"Ki kula da tukunyarki."

Suna da 'ya ɗaya, Dado, shekararta uku. Saboda zafi, bakin ƙofar ɗaki ake shimfiɗa mata tabarma, ɗan akuyarta ɗaure kusa da ita. Ranar nan Ladi ba ta yi shawara da kowa ba, ta ɗauke yarinyar ta shiga da ita ɗaki, ta kare ƙofa da turmi. Tabarmar da zanen Dado ta bari a waje.

Juma'a gari ya waye shiru. Ba ɗan akuya, sai guntun igiya a turke. Zanen Dado kuwa a bakin shinge Jibo ya tsinto shi, a yage, jiƙe da miyau.

Ya dawo wurin tabarma. Sawun ya zagaye ta sau biyu, ya je har gindin turmi. Jibo ya durƙusa ya aza tafin hannunsa a kan sawun. Na ƙafar gaba ya cika tafin. Na baya bai kai ba.

Dado ta leƙo tana murza ido. "Baba, ina ɗan akuyata?"

Jibo ya miƙe ya ɗauki gatari. Yini ya yi yana saran ƙaya yana toshe shinge.

Washegari da sassafe ya ɗaura wa jaki kankana biyu mafi girma da suka rage, ya bi sawun shanun Ila arewa. A gefen na shanun akwai wani ƙaramin sawu, ƙafafu huɗu daidai wa daida. Shi ya riƙa kallo har ya isa sabon zangon Ila.

Darasi: Kafin ka ɗora wa wani laifi, tsuguna ka duba da kyau, kuma ka saurari wanda ya fi ka sani ko da ka raina shi. Wanda ka kora yau, wataƙila shi ke tsare maka gida ba ka sani ba. Ku isar da wannan ga 'yan uwa, ko wani zai tsaya ya sake dubawa.