Tarin Gagarau

An yi wani karen farauta a gidan wani maharbi, ana kiransa Gagarau. Tun yana siriri maharbin ya ɗaura masa madaurin fata mai layu uku a wuya, alamar karen da ke shiga gaba a daji. Gagarau ya ci nama ya yi ƙiba, wuya ya yi kauri, madauri kuwa yana nan yadda yake.

Sai tari ya kama shi. Ya sha ruwa, tari. Ya yi haushi, tari. Ya yi ta kakari kamar zai yi amai, ba abin da ke fitowa sai yawu. Wata biyu ana haka, duk ya gaji, ga lokacin farauta ya matso.

Akuyar gidan, Kyalla, ba ta iya ɓoye magana. Ta dube shi ta ce, "Malam Gagarau, wallahi mun gaji da tarin nan. Madaurin nan ne ya shaƙe ka. Kawo wuyanka in ɗan tauna shi ya saki."

"Ke! Bakin da ke cin tsumma ne zai taɓa layuna?"

Zakara, sarkin zuga, ya yi caraf ya ce, "Hassada ce, ranka ya daɗe! Ai tarin manya ne."

Gagarau ya so ya yi dariya, tari ya hana shi.

Ranar farauta ya shiga gaba da ƙyar. An lallaɓa har kusa da wata barewa, maharbi ya ɗana kibiya, sai tari ya ƙwace wa Gagarau. Barewa ta yi tsalle ta ɓace.

Washegari maharbi ya tsuguna gabansa ya ce, "Tsufa ya zo, Gagarau, ka huta." Ya sa wuƙa ya yanke madaurin, ya ɗaura wa wani kare layun, suka fita.

Gagarau ya ja numfashi, ya ji iska ta wuce salin alin. Ya yi haushi, ba tari. Ya sake yi da ƙarfi, amma maharbi ya riga ya yi nisa. Sai ya kwanta a bakin ƙofa, baƙin ciki ya cika shi.

Darasin wannan labari shi ne, idan abin da kake taƙama da shi ya fara cutar da kai, saurari mai gaya maka gaskiya tun kafin ka rasa matsayinka.