Karen Da Ya Ƙi Amsa Kiran Sarki

An ce wani sarki, mai son farauta da son a yabe shi, yana da wani baƙin kare da ake kira Duna. Wani maharbi mai suna Mantau ke kula da shi. In Mantau ya ce zauna, Duna ya zauna. In ya ce ɗauko kwari, ba zai ɗauko baka ba.

Wata rana sarki ya yi manyan baƙi, ya so ya burge su. Ya gyara murya ya ce, "Duna, zo!" Kare ya dube shi, ya matse wutsiya, ya laɓe bayan Mantau. Baƙi suka sunkuyar da kai suna danne dariya. Kunya ta kama sarki, ya fusata, ya ce Mantau ne ya koya wa kare raini, a kore shi daga ƙasar kafin la'asar.

Sai ga Malam Hudu, wani tsoho mai saƙar tabarma a bayan ganuwa, ya shigo ya faɗi ya yi gaisuwa. Ya ce, "Ya sarki, sau nawa ka taɓa ce wa karen nan zo?"

Sarki ya ce, "Yau na uku."

"Me ya samu a na farko?"

"Ƙashi."

"A na biyu fa?"

"Bulala, don ya taɓa naman da na harbo."

Tsoho ya ce, "To, na yau, ƙashi ne ko bulala? Abin da Duna ya tambaye ka da ido ke nan. Ya sarki, kare ba daga baki yake koyon magana ba, daga abin da ke biyo bayanta ne."

Mantau ya ce, "Ranka ya daɗe, ni ban taɓa kiransa don in doke shi ba. In ya yi laifi, ni ke tashi in same shi."

Sarki ya harari tsohon ya ce, "Kai fa? A bara na aika ka zo, ka ce ƙafa ta hana ka."

Malam Hudu ya yi murmushi ya ce, "Ƙafata lafiya lau take, ya sarki. Mutum biyu ka kira kafin ni, kuma gaskiya ɗaya suka faɗa maka. Ɗaya ya fito da rawani, ɗaya har yau yana kurkuku."

Can sai sarki ya fashe da dariya, amma fa dariyar jin kunya ce. Ya ce, "Ashe tsoho da kare duk sun fahimce ni, ni kaɗai ne ban fahimci kaina ba!" Ya yafe wa Mantau, ya sa aka saki na kurkuku, sannan ya ce a rubuta a ƙofar fada: "Adalci shi ne maganar sarki ta yau ta zama ma'anarta ɗaya da ta jiya."