Karan da Arzika Bai Yanka Ba

A zamanin da dajin Tsabre bai san gatari ba, wani maharbi mai suna Arzika ya biyo sawun gwanki har ya faɗo bakin wani gulbi. Shi ne ake wa kirari da baƙin kwari mai kwana da dafi, Arzika na Tabawa, ba ka harbi biyu. Ya ga wurin ya yi masa, ya kafa bukka, ya ɗauko matarsa Tabawa. Sannu a hankali masu lambu suka zo, makiyaya suka biyo, marina suka haƙa rijiyoyin baba, har wuri ya zama gari.

Shekara goma sha ɗaya ana sha ana wanka, sai fari ya sauka. Gulbi ya ƙanƙance ya koma kamar zaren saƙa a tsakiyar rairayi. Mutum kuwa, in ƙishi ya zo, zumunci na komawa bayan ɗaki. Da aka fasa kan wani makiyayi a mashaya, sai dattawa suka ce wa Arzika, tun da shi ya fara zama, shi zai raba.

Rana tsaka, lokacin da masu hankali ba sa shiga gulbi, Arzika ya zauna a kan rairayi ya yanka kara huɗu: na lambu, na makiyaya, na marina, da na gidansa, kowa da yininsa na ɗiba. Ya ƙirga, sai ya ga biyar. Ya jefar da ɗaya, ya sake ƙirgawa, biyar dai. Na biyar ɗin jiƙe yake sharkaf, da sanyi kamar hannun gawa. Mutumin da ya tari zaki bai ja da baya ba, ran nan tsoro ya kama shi.

Ya ɗaga kai, ga wata tsohuwa tsaye, ba ta da inuwa, sawunta kuma cike da ruwa a kan rairayi mai ƙuna.

"Ɗan nan, ka raba wa masu baki, ka manta da mu na ƙarƙashi," in ji ta. "Muna sha tun kakanka bai zo duniya ba."

"Iya, gulbin ba zai ɗauki biyar ba."

"To, huɗu. Ka nemo wanda zai bari."

Ya kai magana gari. Masu lambu suka ce albasa za ta ƙone, makiyaya suka ce maruƙa za su mutu, marina suka ce ai mafarki ya yi. Tun daga ranar, duk matar da ta cika tulu ta ɗauka, tana jin ruwa na motsi a kanta har ƙofar gida, in ta sauke sai busasshen rairayi. Kwana uku haka, jarirai suka daina kuka don ba ƙarfi.

Arzika ya koma gulbi, ya ɗora karan gidansa a kan jiƙaƙƙen, ya ce, "Ga nawa." Muryar tsohuwar ta fito daga ƙasan ƙafarsa: "Kai da zuriyarka. Ran da ɗigo ɗaya na gulbin nan ya wuce maƙogwaronku, mun karɓe duka." Kafin la'asar ruwa ya tsaya a tuluna. Shi kuwa ya haƙa rijiya can bayan dutse, mai ruwan zartsi, ita gidansa ke sha.

Da ajali ya zo masa, zazzaɓi ya ƙone shi, rijiyar kuma ta janye. Tabawa ta kasa jurewa, ta ɗebo na gulbi a ludayi ta kai bakinsa. "Maigida, ko leɓe ka jiƙa, wa zai gani?" Ya dubi ruwan, ya daɗe yana dubansa, sannan ya datse haƙora ya juya fuska ga bango. Haka ya cika.

Garin shi ne Rabon Arzika. Da hukuma ta zo gina madatsa, dattawa suka ƙi yarda da tsarin sai da aka ƙara ƙofa ta huɗu bayan ta lambu, ta makiyaya da ta marina, wadda ke zuba a rairayi ba mai taɓawa. An ja famfo kowace unguwa, ban da gida ɗaya. Jikokinsa ne ke buɗe wa gari ruwa kowace safiya, kowannensu da goran zartsi rataye a kafaɗa.