Tsarabar Auta

Akwai wani mutum da kowa ke kira Injiniya. A wajen aiki Injiniya, a layinsu Injiniya, har shi kansa in ya ɗaga waya haka yake gabatar da kansa. A gidansu kuwa Auta ake ce masa, sai dai ya shekara takwas bai taka gidan ba.

Ba faɗa aka yi ba. Aiki ne ya kai shi nesa, ya yi ta cewa sai baɗi. Duk hutun ƙarshen shekara yakan cika kwali biyu da kaya masu tsada ya ba direba ya kai, ya ji a ransa ya fita haƙƙin kowa.

Bana sai yayarsa ta kira shi. Ita ce ke zaune da mahaifiyarsu tun rasuwar babansu.

"Auta, kada ka aiko da kwali. Ka zo da ƙafarka."

"Yaya, kin san yanayin aikin nan..."

"Na sani. Ka zo."

Ta kashe wayar. Bai taɓa jin muryarta haka ba.

Ana gobe zai tafi ya shiga wani babban kanti sayen tsaraba. An jera kaya bisa shekaru: na jarirai daban, na 'yan makaranta daban, na samari da 'yanmata, can ƙarshe na tsofaffi. Wata mai jiran kanti ta matso ta gaishe shi.

"Wa za a saya wa, ranka ya daɗe?"

"'Yar yayata."

"Shekarunta nawa?"

Ya ce, "Ba ta wuce shida ba. Ba ni 'yar tsanar can, babbar."

"Sai wa?"

"Mahaifiyata. Wayar da ta fi kowace tsada nake so."

Matar ta dube shi. "Tana gani sosai? Hannunta ba ya rawa? Na tambaya ne don tsofaffi da yawa wayar nan wahala take ba su. Wasu sun fi jin daɗin bargo mai laushi, ko takalmin da ba ya santsi."

Injiniya ya haɗe rai. "Malama, ke za ki gaya min uwata? Naɗe min abin da na ce."

Ta ba shi haƙuri, ta naɗe.

Washegari da rana tsaka ya isa gida. Wata doguwar budurwa ta buɗe masa ƙofa, ya gaishe ta kamar baƙuwa yana leƙen bayanta.

"Kawu, ni ce fa," in ji ta.

Shekararta goma sha huɗu. Da ya miƙa mata 'yar tsanar, ta karɓa da hannu biyu ta yi godiya, ta rasa inda za ta kai idonta. Yaya ta fito tana goge hannu, ta ga 'yar tsanar, ta yi wata gajeriyar dariya.

"Ka ajiye mata, wataƙila 'yarta ta yi wasa da ita."

Ta ja shi zuwa ƙaramin ɗakin ajiya ta kunna fitila. Kwalayensa ne jere a jikin bango. Na shekaru ukun baya, kason Umma ko ledarsa ba a cire ba: agogo, jaka, turare, takalmi mai tsini.

"Na gaya maka ta fara mantuwa," in ji Yaya. "Ka ce tsufa ne, za ka turo magani."

Ya fito ya nufi wajen Umma.

Umma tana zaune a kujerar roba a bakin taga, ta zuba wa titi ido. Ta rame har zobenta na yawo a yatsa. Ya durƙusa a gabanta ya gaishe ta.

Ta juyo da fara'a. "Sannu da zuwa, bawan Allah. Kai ne malaminsu Auta? An tashe su kuwa?"

"Umma, ni ne. Ni ne Auta."

Ta yi dariya har da tafa hannu. "Ji mutumin nan da zolaya! Auta da gemu? Yaron da haƙorinsa na gaba ma bai gama fitowa ba?"

Ya ciro wayar ya ɗora mata a cinya. Ta shafa kwalin, ta mayar masa a hankali.

"Ka yi haƙuri, ba na karɓar kayan baƙo in maigidan ba ya nan."

Ta koma kallon titi. Yaya ta raɗa masa cewa kullum haka take. Da zarar lokacin tashin 'yan makaranta ya yi sai ta zauna nan, ta bi kowane yaro da ido har titin ya zama wayam. Sannan ta ce, "Yau ma ya tsaya wasa a hanya."

Ranar Injiniya ya tsaya a bayanta har yaro na ƙarshe ya wuce. Ya ji ta faɗi maganar da kunnensa.

Washegari da safe Umma ta tashi hankali a tashe. Tana neman mayafinta, tana buɗe durowa tana rufewa.

"An yi hutu ban saya wa Auta komai ba! Kowa zai samu shi ya rasa?"

Yaya ta fara lallashinta, Injiniya ya ce, "Bari in raka ta."

Umma ta dube shi sama da ƙasa. "To, ka dai yi kama da mutumin kirki. Mu je."

Suka taka a hankali zuwa wani ɗan shago a ƙarshen layi, tana riƙe da hannunsa, tana jan ƙafa. Mai shagon dattijo ne, yana ganinta ya miƙe ya ba ta kujera. Ya san ta. Ya faɗa wa Injiniya ƙasa-ƙasa cewa duk hutu sai ta zo.

"Yaron shekara nawa, Mama?" ya tambaya, kamar bai taɓa ji ba.

"Takwas. Amma ƙaramin jiki gare shi."

Injiniya ya ɗauko wata bindigar roba ya nuna mata. Ta ture hannunsa.

"A'a. Ba ya son ƙara. Ko ƙofa aka buga da ƙarfi sai ya toshe kunne, amma ba zai yarda ka ce tsoro yake ji ba."

Ya ɗauko ƙwallo.

"Ƙirjinsa. In ya yi gudu tari yake kwana yi."

Ya tsaya riƙe da ƙwallon. Har yau in ya hau bene da sauri sai ya yi tari, kuma ba wanda ya sani a wajen aiki.

Umma ta miƙa hannu can ƙasan kanta ta jawo wata ƙaramar mota ta ƙarfe. Ta juya ta, ta kai ta kusa da idonta, tana shafa cikinta da babban yatsa.

"Yawwa, wannan. Ka ga tana da kusoshi? Ba wasa zai yi da ita ba, kwance ta zai yi ya ga abin da ke ciki. In ka ba shi wadda aka liƙe da gam, kuka zai yi." Ta ƙara da safa guda biyu. "Ƙafarsa sanyi take yi, kuma ba ya faɗa."

Matar da ba ta san ko wace shekara ake ciki ba, ba ta kuskure komai a kansa ba. Shi kuwa ya tsaya yana lalube a ransa: wane launi take so? Me take ci yanzu? Me ke mata ciwo? Ko ɗaya bai sani ba.

A hanyar dawowa ta tsaya ta huta a jikin wata katanga. Ta danƙa masa ledar.

"Kai da kake yawo a gari, in ka gan shi ka ba shi. Ka ce masa ba zan yi faɗa ba. Ya dawo gida kawai."

Injiniya ya karɓi ledar. Da ƙyar ya ce, "Zan gaya masa, Umma."

"Kuka kake yi? Kai ma taka uwar tana nesa ne?"

"Tana nesa."

"To ka je ka gan ta," in ji ta, ta ci gaba da tafiya.

Bai koma aiki ranar da ya shirya ba. Ya nemi ƙarin hutu, ya zauna ya koyi abin da Yaya ta shekara uku tana yi ita kaɗai. Ya gano man zafi Umma ta fi so a shafa mata a gwiwa, kuma ba ta shan shayi sai ya huce. Ya zauna da 'yar Yaya ya tambaye ta abin da take so, ashe littattafan zane take tarawa.

Umma ta saba da shi. Takan ce wa Yaya, "Ina baƙon nan mai kirki?" Ya yi ta jiran ranar da za ta dube shi ta ce Auta, ko sau ɗaya.

Bayan wata huɗu ta rasu, da hantsi, yana riƙe da ƙafarta. Ba ta ce masa Auta ba.

Yanzu yana zuwa gida duk bayan wata biyu. Amma ya ce wa Yaya, a duk inda yake, in ya ji hayaniyar yara an tashe su daga makaranta, sai ya ajiye abin da ke hannunsa har su gama wucewa.

Darasi: Tsadar kyauta ba ta maye gurbin sanin wanda za a ba. Kafin ka shiga kanti bana, ka tambayi kanka: yaushe rabon da in zauna da mutumin nan, na san shekarunsa, na san abin da ke damunsa? Yara suna girma, iyaye suna tsufa, ba sa jiran sai mun samu lokaci. In naka suna raye, ka je da kanka tun suna gane ka. Ku tura wa 'yan'uwa da abokai, musamman wanda kuka san ya daɗe bai leƙa gida ba.